IN AN RUFE MAKARANTA, KADA A RUFE KARATU

Akwai tambayar da iyaye suka yi ta kawo mana bayan sujada a 'yan shekarun nan: "Fasto, yaro yana gida, makaranta a rufe, yaya za mu yi da shi?" Tambayar ba ta wasa ba ce. A Maris 2020 an rufe makarantun ƙasar nan saboda annobar korona, yawancin yara ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. A Yuli 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna. A azumin 2025 jihohin Bauchi, Katsina, Kano da Kebbi suka ba da hutu na kusan mako biyar, har ƙungiyar CAN ta nuna rashin amincewarta. A Nuwamba 2025 kuma aka sace yara da malamai fiye da 200 a Papiri ta Jihar Neja, jihohi da dama suka sake rufe makarantu na wani lokaci. Duk sa'ad da irin wannan ya faru, 'ya'yanmu sukan dawo gida da akwati da katifa, su zauna.

Ra'ayinmu shi ne, zaman nan bai kamata ya zama na banza ba. Matashin da ke gida yana bukatar mako mai tsari, wanda ya san abin da zai yi ran Litinin da abin da zai yi ran Asabar. Ba daga littafi muka ɗauko wannan ba. A cikin gidanmu muka koye shi, da kurakurai masu yawa.

Bayan abin da ya faru a Kaduna a 2021, hankalin uwargida ya ƙi kwanciya, muka je muka ɗauko autarmu daga makarantar kwana da take a wata jiha. Shekarunta 14 a lokacin. Muka ce za ta yi mako biyu ko uku kafin mu sami makarantar je-ka-ka-dawo a nan Kano. Mako ukun nan ya zama wata shida. A makon farko barci take yi har rana ta take. A na biyu waya ta zama abokiyar hirarta dare da rana. A na uku muka lura ta daina dariya, ko an aike ta sai ta tafi kamar wadda aka zare wa laka. Sai muka gane cewa mun tsame ta daga haɗari ɗaya mun ajiye ta a cikin wani.

Farkon yunƙurinmu bai yi kyau ba. Mun yi shekara huɗu a makarantar tauhidi, mun sha fama da Helenanci, don haka muka ɗauka koyar da yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare ba zai gagare mu ba. Muka zaunar da ita, muka yi ta bayani na sa'a guda kamar muna kan bagade. Da muka gama ta ce, "Baba, wa'azi ka yi mini. Har yanzu ban san yadda ake samo x ba." Gaskiya ta faɗa, mu ma ba mu sani ba. Ranar muka koyi darasi na fari: uba ba sai ya zama malamin kowane fanni ba. Aikinsa ya tsare lokaci, ya nemo wanda ya iya, ya duba ko an yi aikin.

Ga yadda makonmu ya kasance bayan mun daidaita. Kowace safiya daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe takwas ta yi wanka ta karya ta zauna a tebur, waya kuwa tana cikin aljihun mamarta har sha biyu. Muka bi manhajar ajinta da littattafan da ta zo da su, domin kada ta koma makaranta ta tarar an wuce ta. Litinin da Alhamis lissafi, wani dattijon ikkilisiyarmu da ya yi ritaya daga koyarwa yakan zo, ladansa shayi da kuɗin mota. Talata kimiyya tare da wata 'yar bautar ƙasa da ke sujada tare da mu. Juma'a Turanci da Hausa: takan karanta babi ɗaya da ƙarfi, ta rubuta shafi ɗaya da hannunta a kan abin da ta gani cikin makon, mu gyara tare. Wannan kam mun iya. Sa'a huɗu a rana ta isa. Yaro ɗaya da malami ɗaya sukan gama cikin sa'a guda abin da aji mai ɗalibai tamanin zai kwana biyu a kai.

Laraba ranar tanda ce. Da fari mun ɗauke ta ranar hutu, daga baya muka ga ita ce ranar da aka fi karatu. Ba mu da tandar lantarki, ko da akwai ma wutar ba ta da tabbas. Babbar tukunya ce aka zuba wa yashi a ƙasa, aka ɗora a kan garwashi, aka sa wani garwashin a kan murfi. Burodin farko ya fito kamar dutse, ko almajirin da ya zo bara sai da ya juya shi yana kallonmu. Mamarta ba ta faɗa mata dalili ba, ta ce ta je ta bincika. Washegari 'yar bautar ƙasar ta yi mata bayani cewa yis abu ne mai rai, yana cin sukari yana fitar da iska, iskar ce ke kumbura ƙullu, ruwan zafin da ta zuba kuwa ya kashe shi. Abin da ta haddace a aji ba ta gane ba, ta gane shi da hannunta cikin fulawa.

Lissafi ma a can ya zauna mata. In giram 500 na fulawa ya ba da ƙananan burodi 10, giram nawa ake bukata in zumuntar mata ta ce a kawo 45? Ta yi ta gogewa har ta kai ga giram 2,250, ta auna, ya kuma isa. Muka ba ta littafi ta riƙa rubuta kuɗin fulawa, sukari, bota, ƙwai da gawayi, da abin da aka sayar ran Lahadi bayan sujada. Wata na fari ta faɗi, domin ta manta da kuɗin gawayi da leda. Wata na biyu ta ci riba kaɗan, ta cire zakkarta da kanta, ta sayi takalmi. Ba mu taɓa ganin takalmin da aka riƙa gogewa kamar wannan ba. Manzo Bulus da duk iliminsa yana da sana'ar ɗinkin tanti, ba mu ga dalilin da zai sa 'ya'yanmu su fito da takarda kaɗai, hannu babu komai ba.

Asabar biyu a wata mukan fita. A nan ne muka ji kunya. An haifi yarinyar nan a Sabon Gari, amma sai da ta shekara 14 kafin ta taka cikin birni, mu ne kuma ba mu taɓa kai ta ba. Muka je Gidan Makama, ginin da ake danganta shi da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa na ƙarni na 15, wanda yanzu gidan tarihi ne. Muka hau Dutsen Dala da sassafe, ta ga birnin shimfiɗe a ƙarƙashinta, ta yi ta neman inda unguwarmu take. Wurin da ya fi kama zuciyarta shi ne marinar Ƙofar Mata. Wani dattijon marini ya nuna mata yadda ake haɗa baba da toka a cikin rami a bar su su jiƙa kwanaki, ya tsoma farin ƙyalle ya ɗaga, ƙyallen ya fito da launin kore-kore, yana shan iska yana komawa shuɗi a gaban idonta. Ya ce, "'Yata, riƙe nan ki gwada." Ta dawo gida da yatsu shuɗɗa da tambayoyi cike da baki. Gani ya kori ji.

Akwai abin da fitar nan ta yi wanda ya wuce darasin tarihi. Mu da muke 'yan tsiraru a garuruwanmu mukan rene 'ya'yanmu tsakanin gida, majami'a da makaranta, saboda tsoron da muke da dalilinsa. Amma yaron da bai san garinsa ba zai girma yana jin kansa baƙo a inda aka binne cibiyarsa. Mutanen da suka karɓe mu a marina da gidan tarihi Musulmi ne, sun san ko su wane ne mu, sun kuwa yi mana karamci. Mun zaɓi safiya, mun yi shigar mutunci, mun gaisa yadda ya kamata. Kowa ya san garinsa da lokacinsa, ba mu ce a fita sa'ad da gari ba lafiya ba. Amma a yawancin garuruwanmu akwai asibiti, gidan rediyo, gonar kaji, wurin makanikai ko madatsar ruwa da za a iya kai yaro ya gani ya yi tambaya, kuɗin mota kaɗai za a kashe.

To, kada wani ya karanta wannan ya ce fasto ya ce a cire yara daga makaranta. Ba mu faɗa ba. Waɗansunmu suna ganin iyalan Amurka a Facebook suna koyar da 'ya'yansu a gida shekara da shekaru, abin yana ba su sha'awa. A can doka ta yarda da haka a dukan jihohi 50 tun 1993, suna da ɗakunan karatu na jama'a a kusan kowane gari, sau da yawa kuma ɗaya daga cikin iyayen yana gida dukan yini. A Jamus kuwa doka ta hana. A ƙasarmu dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro ya yi shekara shida ta firamare da uku ta ƙaramar sakandare. Bayan doka ma, akwai abin da tebur ɗinmu bai iya bayarwa ba. Ba mu da ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Ba mu da filin wasa, ba mu da sa'o'inta da za ta yi gardama da su ta koyi haƙuri. Jami'a kuma tana neman kiredit biyar, har da Turanci, da sakamakon JAMB. Gaskiya ne WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, ƙofa ce mai amfani ga wanda karatunsa ya yanke, amma hanyar makaranta ta fi sauƙi ga yawancin yara. Ban da haka, in muka janye 'ya'yanmu gaba ɗaya daga makarantun gari, wa zai zauna a benci ɗaya da 'ya'yan maƙwabtanmu har su san juna? Karatun gida gada ce. Ana bin ta a haye, ba a gina ɗaki a kanta. Autarmu ta koma aji a Janairu 2022, ba ta kuwa maimaita shekara ba.

Mun san abin da wani zai ce: "Fasto, kai kana da ilimi da lokaci. Ni gadi nake yi, matata tana kasuwa tun safe, ko sunana da ƙyar nake rubutawa." Wannan magana gaskiya ce, ita ce kuma ta sa muka rubuto. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majami'unmu da yawa a kulle suke daga Litinin zuwa Juma'a da safe, da benci da allo na makarantar Lahadi a ciki. Kusan kowace ikkilisiya tana da malami mai ritaya, ko nas, ko ɗalibin jami'a da ke gida, ko macen da ta iya kek da cincin, ko kafinta. Muna roƙon dattawan ikkilisiya su zauna tun yanzu, kafin wata rufewar ta zo, su rubuta sunayen matasan da ke sakandare da ajinsu, su rubuta waɗanda za su iya ba da sa'a biyu a mako da abin da za su koyar. A sa manya biyu a wurin kowane lokaci, mace da namiji, ƙofa a buɗe, domin tsaron yaran da mutuncin masu koyarwa. In 'ya'yan maƙwabta suna so su zo lissafi, iyayensu kuma sun yarda, a karɓe su. Uban da bai yi boko ba shi ma yana da aikinsa: ya tashi yaro da safe, ya karɓi waya, ya ce da yamma, "Nuna mini abin da ka rubuta yau."

Gargaɗi ɗaya ga iyaye mata da maza duka. Kada "tana karatu a gida" ya zama sunan da za a lulluɓe aikin gida da shi. Mun ga 'yan mata da aka dawo da su don tsaro, cikin wata uku suka zama masu reno da talla, cikin shekara aka fara maganar aure. Mun ga samari da suka hau acaɓa ko suka tafi haƙar ma'adinai "kafin a buɗe makaranta", har yau ba su koma ba. Sa'o'in safe na littafi ne, ga mace ga namiji. Ranar tanda kuma ta kowa ce, ɗa namiji ma ya sa hannu a ƙullu, ba abin da zai ragu a jikinsa.

Timoti ya fara samun koyarwa a hannun kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki tun kafin ya sadu da Bulus. Gidajenmu ma za su iya riƙe yaro har ƙofar makaranta ta sake buɗewa. Muna addu'a kada a ƙara rufe ko aji ɗaya a ƙasar nan, a kuma dawo da kowane yaro da ke hannun mugaye. Amma in ranar ta zo, bari ta same mu da takardar sunaye a hannu da mabuɗin majami'a a shirye. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu. Amin.