Ƙananan kalmomin Turanci da ke cinye makin ɗaliban Gwiwa

Bahaushe yana cewa amsar tambaya, dalilin zuwa, mabuɗin ɗaki, ƙarin farashi, buƙatar ruwa. Abu ɗaya ne ya ɗaure duka biyar ɗin: ɗan harafin nan, -n ko -r, da ke maƙalewa a ƙarshen suna. Bature kuwa ba haka yake yi ba. Shi sai ya ce “answer to the question”, “reason for coming”, “key to the room”, “increase in price”, “need for water”. Aikin da harafi ɗaya ya yi a Hausa, kalmomi uku ne suka raba shi a nan, kuma kowane suna ya san wadda yake tafiya da ita.

A nan ne ɗalibin sakandare a Gwiwa, ko Roni, ko ’Yankwashi yake yawan tuntuɓe. Tun yana firamare ya riƙe cewa wannan harafi shi ne “of” a Turanci. Don haka idan ya zauna rubutu sai ya zuba “answer of the question”, “reason of coming”, “key of the room”. Wannan ba daƙiƙanci ba ne. Yaron ya bi ƙa’idar da aka ba shi ne, ƙa’idar ce ba ta kai ba.

Gyaran kuma ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. Abu biyu ne: a daina koyar da sunan Turanci shi kaɗai ba tare da kalmar da ke bin sa ba, sannan a bar malami ya yi amfani da Hausa wajen nuna wa yaro inda harsunan biyu suka raba hanya.

Abin da kuskuren ke jawowa

A jarrabawar WAEC, insha’in Turanci yana da maki 50. Goma daga ciki an ware su ne don tsabtar rubutu, wato nahawu da rubutun kalmomi da alamomin tsayawa, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Ke nan kuskure 20 sun isa su share goman nan kaf, a rubutun da ake son ya kai kalmomi 450. Ga kuma tambayoyin zaɓi-ɗaya, inda ake barin gurbi a ce ɗalibi ya cike da kalmar da ta dace.

Wanda bai samu kiredit a Turanci ba, ƙofar jami’a a rufe take gare shi, komai ƙwazonsa a lissafi ko kimiyya. A jarrabawar JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. Yankin nan kuwa ba ya rasa manyan makarantu: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami’ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Abin takaici ne a ce makaranta tana bayan gida, amma kalma mai harafi biyu ko uku ta taimaka wajen hana ɗan gida shiga.

Ba maki kaɗai ba ne

Wani lokaci ma’anar ce ke juyewa ɗungurungum. Idan aka ce “ƙarar manoma”, Bahaushe yana duba zancen ne ya gane ko manoman ne suka kai ƙara ko su aka kai. Turanci ba ya barin wannan ga mai sauraro: “complaint from farmers” manoma ne suka yi kuka, “complaint against farmers” su ake kuka da su. Haka “attack on herders” makiyaya aka kai wa hari, “attack by herders” su ake zargi da kai shi. Duk wanda ya taɓa ganin takardar koke da aka rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma ko ofishin ’yan sanda a kan rikicin gona ya san cewa kalma ɗaya a nan tana iya mayar da mai ƙara ya koma wanda ake ƙara.

A harkar kuɗi ma haka ne. “Loan from the cooperative” ƙungiya ce ta ba da rance, “loan to the cooperative” ita ta ci bashin. “Increase in price” farashi ne ya tashi, amma idan za a faɗi nawa aka ƙara sai a ce “increase of 500 naira”. Ko “hanyar Kazaure” sai an zaɓa: “the road to Kazaure” ko “the road from Kazaure”. Kalmar “mai” ita ma tana rabuwa gida biyu: mai farar riga “the man in white”, mai goyo “the woman with a baby”.

Inda aji ya kuskure

Yadda aka saba koyar da waɗannan kalmomi shi ne a ɗora littafi a kan tebur, a sa shi ƙarƙashi, a jefa alli cikin kwali, yara su amsa “on”, “under”, “in”. Wannan yana da kyau, amma wuri kaɗai yake nunawa. Babu wani tebur da zai bayyana dalilin da ya sa ake cewa “interest in” amma “respect for”, ko “cause of” amma “solution to”. Al’adar harshen ce, sai dai a riƙe su tare. Hausa ma tana da irin nata: baƙo mai koyo dole ya haddace cewa gidan Audu ake cewa amma motar Audu, kuma babu abin da ke jikin mota da ya nuna ta mace ce.

Masana sun daɗe da gane haka. A. S. Hornby, Baturen da ya koyar da Turanci a Japan, ya lura cewa ma’anar kalma kaɗai ba ta isar baƙon harshe, sai an nuna masa abokan tafiyarta. Daga aikinsa ne aka samu ƙamus ɗin nan na Oxford na masu koyo, wanda kamfanin ya fara bugawa a 1948. Har yau idan aka buɗe shi, ko a waya, za a ga kalmar da ke bin suna a rubuce kusa da shi. Sai dai yawancin ɗalibai ma’ana kawai suke dubawa su rufe.

Masu cewa ba komai

Akwai masu ganin cewa tunda ana fahimta, shi ke nan. Suna da gaskiyarsu a tasha ko a WhatsApp. Su kansu masu harshen ba su haɗu a kan komai ba: a Ingila ana cewa “at the weekend”, a Amurka “on the weekend”. Amma mai duba takardar WAEC da ƙa’ida yake aiki, haka ma wanda ke tace takardun neman aiki a Dutse ko Abuja. Ɗan mai hali da ya taso cikin littattafai yana tsintar waɗannan kalmomi ba tare da ya sani ba. Ɗan manomi a ƙauyen Gwiwa kuwa, in ba a aji ya same su ba, babu inda zai same su. Cewa “ba komai” shi yake cuta.

Wasu kuma na ganin shigo da Hausa ajin Turanci koma-baya ne, musamman tunda a watan Nuwamban 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022. To amma batun a nan ba na harshen koyarwa ba ne. Asalin kuskuren daga Hausa ya taso, kuma ba a maganin ciwo ba tare da an taɓa inda yake ba. Malamin da ya hana ambaton Hausa a ajinsa ya hana kansa hanya mafi sauƙi ta bayani.

Abin yi

Malami ya raba allo gida biyu. A hagu ya rubuta maganin matsala, sha’awar karatu, ƙarancin ruwa, gayyatar biki. A dama ya rubuta “solution to”, “interest in”, “shortage of”, “invitation to”. Sunaye goma a mako sun isa, kowane ɗalibi ya gina jimla da su a kan abin da ya sani: taki, rijiyar burtsatse, kasuwa. A zango ɗaya an haura ɗari.

Idan ya zo duba insha’i, kada ya tsaya ga jan layi da jan biro. Ya tattara kurakuran da suka fi maimaituwa, su zama darasin mako mai zuwa.

Ma’aikatar ilimi ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Gumel kuma su sa wannan kwatance na Hausa da Turanci cikin horon malamai, domin da yawa daga cikinsu da “of” ɗin nan aka yaye su, ba laifinsu ba ne.

Ɗalibi shi ma yana da nasa. Duk sunan da ya ci karo da shi a littafi ko a labaran da yake karantawa a waya, ya dubi kalmar da ta biyo baya, ya rubuta su tare a littafinsa. Wanda ya riƙe “solution” kawai rabin kalma ya riƙe, sauran rabin kuwa shi ake tambaya ranar jarrabawa.