Na'ura Ba Ta Raba Gari Da Gari

Tun sa'ad da aka fara zuba littattafai cikin kwamfuta, aka haɗa laburare da laburare ta hanyar intanet, sai wata magana ta bazu cikin waɗansu masu ilmin zamani. Wai aikin rarraba littattafai fanni fanni ya mutu, kundin dangin kalmomi kuwa kayan tsofaffi ne. Suka ce tun da na'ura tana iya duba kowace kalma cikin littafi miliyan kafin a ƙifta ido, kuɗin da a ke biyan ma'aikatan tsari hasara ce. Maganan nan tana da daɗin ji, amma kuskure ce, kuma masu bincike su ne za su biya bashinta.

Abin da masu faɗin haka suka manta shi ne, neman kalma tsura ba ya gane ma'ana, baƙaƙe kurum ya ke dubawa. A ɗauki misali da Hausa. Malamin gona ya rubuta "fari" yana nufin ƙarancin ruwan sama, sai a jibgo masa labarin farin doki, da na farin da ke cinye gero, da na ɗan fari. Wanda ya rubuta "gari" ba a san ko na tuwo ya ke so ko na sarki ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Wannan ma da sauƙi, don mutum yana ganin shirgin da idonsa. Babbar masifa ita ce ta abin da ya ɓace ba a sani ba. Wani ya nemi "ciwon daji", alhali marubucin da ya fi sanin cutar "sankara" ya kira ta, wani kuma "kansa". Mai nema ya tashi yana tsammani ya gama, ashe rabin ilmin na can kwance.

Maganin wannan shi ne kundin dangin kalmomi. A cikinsa a kan zaɓi suna guda a ba kowane abu, a jera sauran sunayensa ƙarƙashinsa, sa'an nan a nuna wace kalma ce uwa, wace ce 'ya, wace ce maƙwabciya. Babban laburaren likitanci na Amurka ya fito da irin nasa, mai suna MeSH, cikin 1960, kanun maganarsa kuwa sun kai wajen 30,000. Likita ya nemi ciwon daji cikin taskar PubMed, sai kundin ya jawo masa har da na huhu da na hanta, ko da marubutan ba su ambaci kalmar da ya rubuta ba. Cikin 2022 laburaren nan ya miƙa wa na'ura aikin liƙa wa takardu kanu, amma da kalmomin MeSH ɗin nan ta ke yi. Watau na'urar da a ke cewa ta kashe kundi, da kundi ta ke tafiya.

In kuwa an zo ga neman abu cikin laburare da yawa gaba ɗaya, bukatar ta fi tsanani, gama kowane gida da irin harshensa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara kundin AGROVOC tun farkon shekarun 1980, ya tara harsuna fiye da 40. Saboda haka mai binciken dawa da Faransanci ya kan tarar da abin da aka rubuta a kanta da Larabci ko Sifaniyanci. Cikin 2009 ƙungiyar da ke shimfiɗa ƙa'idodin yanar gizo ta tabbatar da wata hanya, SKOS, wadda za a riƙa ɗaura kalmar wannan kundi da takwararta ta wancan. Tsintsiya ba ta shara sai da maɗauri.

Tsarin fannoni kuma ba baƙon abu ba ne, balle a ce yayi ne ya wuce. Ibn Nadim, wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, ya kasa ilmin zamaninsa kashi goma cikin littafinsa Fihrist wajen 987. Melvil Dewey na Amurka ya yi nasa kashi goma da lambobi cikin 1876, Ranganathan na Indiya ya fito da wani cikin 1933. Amfanin lamba shi ne ba ta da yare, kuma tana kai mutum ga littafin da bai san da shi ba, don yana zaune kusa da wanda ya zo nema.

Masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye ta. Tsarin nan mutane suka yi shi, son zuciyarsu ya shiga ciki. Dewey ya ba addinin Kirista mafi yawan lambobin da ke tsakanin 200 da 299, Musulunci kuwa aka matse shi a 297. Gaskiya ne. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuskuren kundi a rubuce ya ke, kowa na iya nuna shi da yatsa a yi gardama. Haka ɗalibai da ma'aikatan laburare suka yi ta kuka da wani kan magana mai muzanta baƙin haure, har laburaren Majalisar Amurka ya sake shi cikin 2021. To, na'urar kamfani da ke jera amsoshi bisa ƙa'idar da ta ɓoye, wa zai kai ta ƙara, a gaban wa?

Saboda haka hukumar da ta sayi kwamfutoci ta sallami masu tsari, ta gina rumbu ne ta zuba gero da dawa da maiwa wuri guda. Abin da ya kamata shi ne a ware wa aikin kundi kasonsa cikin kuɗin kowane laburare, a koyar da matasa sana'ar, a kuma tanadi kundi ga harsunan da ba su da shi tun takardunsu ba su yi yawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.