Digiri na biyu kan haƙƙin mallakar fasaha: A yi lissafi kafin a sayar da gona

Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, matasa da dama da suka karanci shari'a suka dawo gida Gadarif, ga takarda ba aiki. Yanzu wasu sun ɗauko zancen fita waje yin digiri na biyu, majistir a bakin mutanen nan, kan dokar haƙƙin mallakar fasaha. Har an fara lallaɓa iyaye su sayar da gona. Mu dai muna cewa a dakata tukuna.

Ba wai fannin ba shi da amfani ba ne. Sudan na da dokar alamar kasuwanci tun 1969, da ta ƙirƙire-ƙirƙire ta 1971, kuma mamba ce a ƙungiyar ARIPO mai hedikwata a Harare. Aikin ma yana nan ƙofar gida. Farin riɗin Gadarif da sunan garin nan ake cinikinsa a kasuwannin waje, amma manomin da ya sha rana a kansa, me sunan ya ƙara masa? Maƙwabtanmu Habasha sun ja daga a kan sunayen kofinsu, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har kamfanin Starbucks ya sa hannu a yarjejeniya da su a 2007. Masana wannan doka ne ke yin irin wannan kokawa, kuma riɗinmu na buƙatar irinsu.

Sai dai buƙata daban, mai biyan kuɗin aiki daban. Wa zai ɗauki lauyan? Rajistar alamomi aikin Ma'aikatar Shari'a ne, can ake yin ta, ba a Gadarif ba. Manyan kamfanoni kuwa yaƙi ya tarwatsa su. Ɗan kasuwar da ke fama da kuɗin mota da faɗuwar fam, rigimar fili da bashi ce ke kai shi wajen lauya, ba tambarin buhu ba. Sannan Sudan har yau ba ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ba, wato ba abin da ke matsa wa hukuma ta tsaurara waɗannan dokoki.

Saboda haka wanda bai ci jarrabawar mu'adala ya zama cikakken lauya ba, ya fara da ita. Hukumar WIPO da ke Janiba na da kwas na share fage kyauta a intanet, har da Larabci. A gwada shi, a ga ko ran ma na so. In ya karɓe ka, Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe na yin wannan digiri tare da WIPO da ARIPO tun 2008, kuma ana ba da guraben tallafi. Da Turanci ake karatun, a nan ne ɗalibanmu da yawa ke tuntuɓe, mu malaman makaranta mun fi kowa sani.

Iyaye kuma, in yaro ya zo da maganar, a tambaye shi ofishin da zai shiga in ya dawo, da takardar tallafin da ya nema. In babu ko ɗaya, a bar gonar a shuka riɗi bana.