ZAUREN 'YAN MATA: Lambu a Cikin Akwati

 

Wata 'yar uwarku, ɗalibar sakandare, ta aiko mini da wasiƙa daga garin Isa. Ta ce mahaifinta ya daina zuwa lambunsa na fadama saboda tsoron abin da zai tarar a hanya, yanzu miyarsu daga kuka sai busasshen guro, kuma kullum ita ake aika cefane da kuɗin da ba ya kai ko'ina. Ta rufe da cewa, "Anti, ni mace ce, me zan iya yi?"

Wallahi wasiƙar nan ta sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, don ni ma 'yar Sabon Birni ce. Mun tashi mun ga fadamar Gulbin Rima shar da albasa da tumatir, ganyen miya kuwa kyauta ake ba maƙwabci. Tun wajen 2019 'yan bindiga suka matsa wa ƙasar Gobir, a watan Mayun 2020 aka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, wasu 'yan uwanmu suka tsallaka jihar Maradi gudun hijira. Allah ya kawo mana ƙarshen abin. To amma tukunya ba ta san da wannan ba, kullum sai an ɗora ta.

Abin da na yi a gidanmu shi zan gaya miki, ƙanwata. Lambu na kawo tsakar gida, a cikin akwati.

Za ki ce don me ba za a shuka a ƙasa kawai ba? Tsakar gidanmu daɓe ne mai tauri, da damina ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa, ga kaji, ga gara. Akwati kuwa ke kike zuba masa ƙasar da kike so. Ki sami tsofaffin katakai a haɗa miki, tsawonsa kamu biyu, faɗinsa kamu ɗaya, don hannunki ya kai tsakiya. Zurfi kamar taƙi ɗaya da rabi ya isa. In babu katako, tsohon baho ko rabin jarka ko buhun siminti duk suna yi. A huda gindin sosai don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a ɗora a kan bulo, a barbaɗa toka a ƙarƙashi saboda gara.

Sai ƙasa, kuma a nan ne na sha kunya. Karon farko na kwashe ɗanyen kashin kaji daga akurki na zuba, wai ni mai son abu ya yi sauri. Kwana biyar da tsirowa duk shukar ta ƙone ƙurmus, Inna tana ta yi mini dariya tana cewa sauri ya haifi nawa. Taki sai wanda ya kwana biyu ya ruɓe, ya yi baƙi, ya daina wari. Ki auna ƙasa mai laushi kashi biyu, takin awaki ko na shanu kashi ɗaya, ki ɗan ƙara rairayi, ki gauraya, ki jiƙa, ki bar shi mako guda kafin ki yi shuka.

Ki fara da alayyafo, don shi ba ya ba da kunya: sati uku zuwa huɗu kin fara tsinka, in kin yanke sama ya sake tohowa. Sure da rama ma haka suke da haƙuri. Guro, wato kuɓewa a bakin Kanawa, yana kai wata biyu kafin ya fara 'ya'ya. Tumatir da tarugu sai an yi renonsu a ƙaramin kwano tukuna, a dasa bayan kamar wata guda, kuma tumatir da salak sun fi son sanyin hunturu. Da bazara, lokacin da rana ke narka mutum, ki yi musu 'yar rumfar zana, ki yi ban ruwa da asuba da yamma. Ruwan wankin shinkafa da na alwala kada ki zubar, nasu ne. Na Omo kam a'a. In kin ga ƙwari, ki daka ganyen dogon yaro, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki yayyafa.

Akuya ce babbar kishiyarki. Tamu ta taɓa cinye mini akwati guda tas kafin in idar da sallar la'asar. Wanda ke zuwa zance wurina a lokacin, maigidan yanzu, da ya ji labari bai ce komai ba, washegari sai ga shi da ƙaya da guntun ragar waya, ya killace wurin. Ni dai a ranar na yanke shawara a kansa, amma wannan hirar wata rana ce.

Ba zan yaudare ki ba, akwati uku ba za su maye gurbin lambun Baba ba. Amma ganyen miya ya fita daga lissafin cefane, kuma in ya yi yawa ki yi kwaɗo, maƙwabta su aiko yara su saya har cikin gida ba tare da kin ɗauki talla ba. Ki roƙi Baba irin da ya ajiye, ki ce ya nuna miki yadda ake yafa shi. Na tabbata hannunsa na ƙaiƙayin ƙasa.

Ki rubuto mini ranar da kuka yi miyar farko. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.