Idan Nas Ta Ce A Dakata, Ba Wulaƙanci Ba Ne

'Yan uwana ɗalibai, sau nawa muka ji ana cewa a gida, "Nas-nas ɗin nan sun cika jan rai, mace na murƙususu sun ƙi yi mata allura"? A nan kam ba mu yi musu adalci ba.

Allurar naƙuda sunanta oksitosin, aikinta matse mahaifa. Bayan haihuwa tana tsayar da zubar jini. Amma idan jariri ya zo a gicciye, ko kansa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, aka danna ta, mahaifa na iya fashewa, a rasa uwa a rasa ɗa. Shi ya sa ungozoma a asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi take fara laluba ciki, ta saurari bugun zuciyar jariri, ta yi awon hawan jini. In ta ga 140/90 ko sama, ga ciwon kai, ga kumburin fuska, jijjiga take tsoro, kuma maganinta daban ne. Mai kemis da aka taso cikin dare, da me zai gane wannan?

Wasu ma'aikatan bakinsu ba daɗi, gaskiya ne, kuma dole su riƙa yi wa dangi bayani. Amma fushi da su a zauna gida ya fi haɗari: doguwar naƙuda ce ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga, a Katsina. Mu da muka iya karatu, mu riƙa duba katin awon iyayenmu da yayyenmu, mu tuna musu ranar komawa.