Wace Rana Ce 01/10/1960?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ku ba ni aron hankalinku. In na rubuta 01/10/1960 a allo, ko ɗan firamare zai ce 1 ga Oktoba ke nan, ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai. Amma shigar da lambobin nan cikin kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka, sai ta ce maka 10 ga Janairu, domin kuwa su Amurkawa wata suke fara rubutawa, sa'an nan rana, sa'an nan shekara. Haka ma 03/08/1960, ranar 'yancin Nijar, sai ta rikiɗe ta koma 8 ga Maris.

Na san akwai masu cewa wannan ƙaramin abu ne. To, wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ni kaina na ɗanɗana. Na taɓa neman tallafin karatu, aka rubuta cewa za a rufe karɓar takardu ran 04/05. Na miƙe ƙafa ina jiran 4 ga Mayu, ashe tun 5 ga Afrilu aka rufe ƙofa. Wahalar wata biyu ta tafi a banza. Yanzu ku auna in da takardar asibiti ce, ko ranar da magani zai lalace.

Laifin wa? Na'ura dai abin da aka ɗora mata take bi. Manhajar kirki tana ajiye lokaci a cikinta da siga guda, sa'an nan ta nuna wa kowa gwargwadon harshe da yankin da ya zaɓa. Tun 1988 hukumar ISO ta fitar da ƙa'ida mai lamba 8601, wadda ta ce a fara da shekara, sai wata, sai rana, watau 1960-10-01. Har ila yau ƙungiyar Unicode tana riƙe da wani rumbu mai suna CLDR, inda manyan kamfanoni ke ɗibar sunayen watanni da na ranaku, kuma Hausa na ciki, har an bambanta ta Nijeriya da ta Nijar da ta Ghana. Kayan aiki ga su nan a ajiye. Lalacinmu ne ya sa ɗanmu mai rubuta manhaja ya bar saitin Amurka yadda ya same shi, mu 'yan boko kuwa muna jin kunyar mai da wayoyinmu Hausa.

Ban ce kayan aikin nan sun cika ba. Bature ya raba yininsa gida biyu, AM da PM. In aka fassara su da safiya da yamma kawai, ƙarfe 2 na dare ya zama safiya ke nan. Haba! Ina aka kai asuba da hantsi da azahar da la'asar da almuru? Daren Juma'a kuma a wurinmu shi ne wanda ke shiga bayan faɗuwar ranar Alhamis, alhali kwamfuta sai ƙarfe 12 na dare take juya kwana. Kwanan Hijira da waya ke nunawa da lissafi aka fitar da shi, irin na Ummul Ƙura ta Saudiyya, mu kuwa sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, shi ya sa a kan sami saɓanin kwana guda.

Wa zai gyara waɗannan in ba mu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Saboda haka ina kira ga ofisoshi su riƙa rubuta wata da kalma, a ce 4 ga Mayu. Ɗaliban kwamfuta su bar manhaja ta bi zaɓin mai amfani da ita. Malaman Hausa kuma su zauna da su a daidaita kalmomin lokaci, a miƙa wa Unicode. In muka yi shiru, wasu za su yanke mana, mu zo muna kuka bayan hari.

Allah ya sa mu farga.