Raddi Ga Masu Cewa A Rufe Wa 'Yan Sa Ido Ƙofa

Tun ranar 31 ga Oktoba 2025 da Donald Trump ya mayar da Najeriya jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, wata magana ta kankama a majalisun Tudun Wada da Unguwan Sarki a Kaduna: wai masu sa ido na waje duk kanwar ja ce, a hana su biza a huta. Wani malaminmu da nake girmamawa ya kafa mata hujjoji uku. Allah gafarta Malam, ga amsa.

Malam ya ce dukkansu 'yan kwangilar coci ne. A nan ya cuɗa hukumomi dabam-dabam. USCIRF, wadda dokar Amurka ta 1998 ta kafa, shawara kawai take bayarwa, kuma tun 2009 take neman a sa Najeriya a jerin. Hukunci na gwamnatin Amurka ne: ta sa mu a Disamba 2020, ta cire mu a Nuwamba 2021, ana jajibirin zuwan sakataren harkokin wajenta na lokacin, Antony Blinken, Abuja. Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa tana da nata wakili na musamman kan wannan batu tun 1986, kuma wadda ta zo Najeriya da wannan muƙami a 2005 ita ce Asma Jahangir, lauya 'yar Pakistan. Ita USCIRF ɗin, Nury Turkel, Musulmi ɗan ƙabilar Uighur, ya shugabance ta a 2022, kuma tun 2020 take cewa a sa Indiya a jerin, musamman saboda halin da Musulminta ke ciki, gwamnatin Amurka ta yi kunnen uwar shegu. Saudiyya na cikin jerin tun 2004 amma ana ɗage mata takunkumi. Siyasa kam akwai ta, sai dai a teburin masu yanke hukunci ta fi kauri.

Malam ya ce gawar Kirista kaɗai suke ƙirgawa. In Trump yake nufi, ban ja ba. Kalamansa ba su san da Tudun Biri ba, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Mauludi ranar 3 ga Disamba 2023. Amma Malam ya buɗe rahotannin kansu. Human Rights Watch ce ta bi sawun rikicin bayan zaɓen 2011, ta ce sama da mutum 800 suka mutu, ta kuma fito da abin da aka yi wa Musulmin Zonkwa da Matsirga. Sai kisan da sojoji suka yi wa 'yan Shi'a a Zariya, Disamba 2015. Sakataren gwamnatin jiha da bakinsa ya shaida wa kwamitin bincike na Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba cewa gawa 347 aka binne a rami ɗaya. Ramin yana Mando, nan bayan Kawo, inda muke wucewa kullum a Keke Napep. Mumbari nawa ne a wannan ɓangare na kogin Kaduna suka nemi haƙƙin jininsu? Da yawa sun ja baki sun yi gum saboda 'yan Shi'a ne, wasu ma har da barka. Amnesty International da USCIRF ne suka yi ta nanata maganar, kuma har yau ba mu ji an gurfanar da soja ko ɗaya ba. Waɗannan ne Malam zai hana biza?

Hujja ta uku ita ce mu ƙasa ce mai cin gashin kanta, kuma ba mu da matsalar addini. Najeriya da kanta ta shiga yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa ta duniya a 1993, sashe na 38 na tsarin mulkinmu kuma ya ba kowa 'yancin addininsa. Wanda ya sa hannu a takardar bashi ba ya korar mai bin sa da sunan gidansa ne. Batun babu matsala kuwa, Malam ya tsaya a kan gadar kogin Kaduna da magariba ya ga yadda gari ke rabuwa. Tun rikicin shari'a na Fabrairu 2000 da na sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, Kirista ya tattara komatsansa zuwa Sabon Tasha da Narayi, Musulmi ya yo Rigasa da Kawo. Bam ɗin cocin St. Rita na Oktoba 2012 a namu ɓangaren ya tashi.

Hana biza ma bai tare komai: makaman da Amurka ta harba jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamba 2025 ba su bi ta ofishin jakadanci ba. Masu kai ƙararmu Washington da sunaye da kwanan wata da hotuna suke zuwa. Hedkwatar Jama'atu Nasril Islam tana nan kan titin Ali Akilu. In wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi sallama a can gobe ya nemi sunayen mamatanmu na Birnin Gwari da Giwa da Igabi, ƙauye bayan ƙauye, wace takarda Malam zai miƙa masa?